TSUTSAR CIKI A KIFIN KIWO: YADDA AKE GANE TA DA YADDA AKE MAGANINTA

Darasi domin Hakimai da Malamansu a ƙasar Runka, Safana da Batsari

Wannan takarda an shirya ta ne domin Hakimai, da Dagatai, da Malaman da ke riƙe da littattafan gunduma a ƙasar Safana da ta Batsari, musamman Runka da ƙauyukan da ke gefen Dajin Rugu. Ana roƙon kowane Malami ya karanta ta a natse, sa'an nan ya bayyana wa masunta da masu kiwon kifi abin da ke ciki, ko a zauren Hakimi ko a ranar kasuwa. Abin da take koyarwa ɗaya ne: kada a zuba wa kifi magani sai an duba an san abin da ke damunsa.

1. DALILIN WANNAN DARASI

Ƙasar Runka ƙasar kiwo ce tun kaka da kakanni. A shekarun 1960 Gwamnatin Jihar Arewa, da taimakon ƙasar Amurka, ta haƙa madatsun ruwa na ƙasa a dajin kiwo na Ruma da Kukar Jangarai domin shayar da shanu da rani. Daga baya, a 1983, aka gama babbar madatsar Zoɓe a kan kogin Karaduwa, kusa da Dutsin-Ma. Duk inda ruwa ya kwanta kuwa, kifi zai zauna, masunta kuma za su bi shi.

Kiwon kifi da gangan, watau a haƙa masa wuri a riƙa ciyar da shi kamar yadda ake turken rago, ba sabon abu ba ne a Arewa. An kafa gonar kifi ta Gwamnati a Panyam, ƙasar Filato, tun 1951. Sai dai a zamanin nan ne sana'ar ta shigo gidajen talakawa. Saurayi ya kan gina kwami na siminti a bayan gida, ko ya kafa na tamfol, ko ya haƙa kududdufi a fadama, ya sayo 'ya'yan tarwaɗa ko na karfasa ya zuba. Sau da yawa jarin bashi ne, ko kuɗin akuyar mahaifiyarsa, ko abin da ya rage wa gida bayan ɓarayi sun kore shanu. Kuɗin abincin kifi shi ne ya fi cinye jarin. To, kifin da ke da tsutsa a ciki yana ci ba ya girma, watau mai shi tsutsa yake ciyarwa da kuɗinsa bai sani ba. Bayan wata biyar ko shida a zo awo, a tarar nauyi bai kai ba, bashi kuwa yana nan.

Akwai kuma hasara ta biyu wadda ta fi wannan yawa. Mutum ya ga kifinsa ya ƙi ci, sai maƙwabci ya ce masa tsutsa ce. Ya tafi kasuwa ya sayo kafso na mutane, ko maganin awaki, ya zuba ba awo. In cutar ba tsutsa ba ce, ya yi hasarar kuɗin magani, kifin kuma ya ci gaba da mutuwa. In maganin ya yi yawa, shi da kansa ya ƙarasa kifin. Irin wannan magana ce ke ƙarewa a gaban Hakimi, mai kwami yana ƙarar wanda ya sayar masa da iri, ko mai bashi yana ƙarar mai kwami.

2. ABIN DA AKA KOYA DAGA KIFIN ADO

A ƙasashen Turai da Asiya, har da waɗansu gidaje a manyan biranenmu, akwai masu ajiye kifi a akwatin gilashi domin sha'awa kawai, kamar yadda ake kiwon tantabaru. Cikin irin kifin da suka fi daraja akwai wani da ake kira diskas. Asalinsa kogin Amazon ne a Kudancin Amurka, kewayayye ne kamar faifai, faɗinsa kamar tafin hannun babban mutum. Wani masani na ƙasar Ostiriya, Johann Jakob Heckel, shi ya fara rubuta siffarsa a 1840. Diskas ɗan'uwan karfasa ne, zuriyarsu ɗaya a lissafin masana.

Dalilin kawo zancensa a nan shi ne, shi ana ganinsa ta gilashi dare da rana, kuma yana da tsada, saboda haka masu shi suka lura da alamun ciwonsa filla-filla. In cikinsa ya kamu, launinsa ya kan yi duhu, ya ware daga 'yan'uwansa ya laɓe a lungu, ya ɗauki abinci ya tofar, ya rame har goshinsa ya tsuke, kashinsa kuma ya fito fari, dogo, kamar zare mai yauƙi. Da likitoci suka duba irin wannan kashi a madubin likita, sai suka tarar alama ɗaya ce amma masu kawo ta uku ne dabam-dabam. Wani kifin wata ƙwayar halitta ce mai bulala, wadda ido ba ya gani, ta yi yawa a hanjinsa. Wani siririyar tsutsa ce kamar gashi, wadda ake gane ƙwanta domin yana kama da 'yar ganga mai toshi a kai da gindi. Wani kuma tsila ce. Kowace da maganinta, na wannan ba ya kashe waccan. Har ma an tarar kifin da bai ci abinci ba kwana da kwanaki saboda sanyi ko ƙazamin ruwa ya kan yi farin kashi, alhali ba komai a cikinsa.

Darasin ke nan. In a akwatin gilashi, inda ana ganin kifi sarai, ido kaɗai bai isa ya raba cuta da cuta ba, ina ga kududdufi mai laka?

3. IRIN TSUTSOTSIN DA HANYAR DA SUKE BI

Ya kamata Malami ya san cewa tsutsa ba ta tsirowa daga ruwa ko daga abinci haka kawai. Kowace tana da iyaye, tana da hanyar da take bi ta shiga kifi. Wanda ya san hanyar, ya san inda zai tare ta. Waɗanda aka fi samu a tarwaɗa da karfasa na ƙasashenmu su ne:

(a) Jar tsutsa ta tumbi da hanji. Siririya ce, gajera, ta kan yi ja-ja domin tana kama bangon hanji tana shan jini. An fi ganinta a tarwaɗa. Uwar takan saki 'ya'yanta a cikin kashin kifi, sai wani ɗan ƙwaro na ruwa, mai ƙanƙanta kamar ƙwayar ƙasa, ya haɗiye su. Kifi ya ci ƙwaron, tsutsa ta girma a cikinsa. Dattawa za su gane wannan ƙwaro, gama irinsa ne ke ɗauke da kurkunu a ruwan tafki, cutar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar an kawar da ita daga Nijeriya a 2013.

(b) Tsila. Fara ce, mai faɗi, gaɓa-gaɓa, kamar wadda mahauta suka sani a hanjin tumaki. Ba ta da baki, ta fatarta take tsotse abincin da kifi ya narkar. A tarwaɗa takan shiga har cikin matsarmama. Ita ma ta wannan ɗan ƙwaro take shiga.

(c) Tsutsa mai ƙaya a ka. Gajera ce, tana da ɗan kai mai ƙugiyoyi da take kafawa a bangon hanji. An fi samunta a karfasa. Ƙananan ƙwarin ruwa ne ke kai ta.

(d) Farar tsutsa ta kogon ciki. Wannan ba cikin hanji take ba. Ana tarar da ita a nannaɗe kan kitse, da hanta, da bayan hanji, wani lokaci da yawa a babbar tarwaɗa. Kifi masauki ne kawai a gare ta. Gidanta na ainihi tumbin tsuntsayen da ke cin kifi, irin su zalɓe da kwasakwasa. Ƙwanta yana faɗowa ruwa cikin kashin tsuntsu, ƙwaro ya ci, ƙaramin kifi ya ci ƙwaro, tarwaɗa ta ci ƙaramin kifi, tsuntsu ya ci tarwaɗa, ta koma gida.

(e) Rawayar tsutsa ta cikin tsoka. Takan yi ƙullutu kamar ƙwayar shinkafa, rawaya, a ƙarƙashin fata ko a bayan marfin kunnen karfasa. Uwarta a baki da maƙogwaron zalɓe take zaune. Ƙwai ya faɗa ruwa, ya ƙyanƙyashe, ya shiga dodon koɗi, ya yawaita a can, ya fito ya huda fatar kifi. Irin dodon koɗin nan na bakin tafki shi ne kuma ke ɗauke da tsargiya, mai sa yara fitsarin jini.

(f) Ƙwayar halitta mai bulala, irin wadda aka ambata a diskas. Ita ba ta bukatar ƙwaro ko tsuntsu, daga kashin wannan kifi zuwa bakin wancan take yaɗuwa. Takan yi ƙarfi inda kifi ya cushe kuma ruwa ya ƙazanta.

A lura da wannan: kifin kogi da na madatsa da wuya a rasa tsutsa ɗaya ko biyu a cikinsa, kuma yana rayuwarsa lafiya lau. Ɓarna tana zuwa ne in tsutsa ta yi yawa, ko kifin ƙanana ne, ko an cusa su a ƙaramin wuri, ko abinci bai ishe su ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

4. YADDA AKE GANE CUTAR

In mai kwami ya kawo kuka, a bi waɗannan matakai huɗu bi da bi, kada a tsallake ko ɗaya.

Mataki na farko: a tambayi yadda mutuwar ta zo. Wannan tambaya ita kaɗai takan raba gardama. In kifi da yawa, manya da ƙanana, sun mutu a dare ɗaya, to ba tsutsa ba ce. Ko dai iskar numfashi da ke cikin ruwa ta ƙare, abin da ya fi faruwa gab da asuba, ko kuwa guba ta shiga, misali ruwan sama ya wanko maganin feshi daga gona. Tsutsa ba ta kisa da gaggawa. Nata kisan ɗaya yau, biyu jibi, mako da makonni, kifi yana ramewa a hankali.

Mataki na biyu: a duba ruwa da lokaci. Ruwan yana wari? Ya yi kore shar, ko baƙi, ko yana kumfa? Akwai ragowar abinci a ƙasa? Yaushe aka sake shi? Karfasa tana taruwa a sama da sassafe tana haƙi? In haka ne, a zubar da kashi ɗaya cikin uku na ruwan a zuba sabo, a tsai da abinci kwana ɗaya ko biyu, a ga abin da zai faru. Haka nan a tuna da hunturu. Tarwaɗa da karfasa kifin zafi ne, sun fi girma in zafin ruwa yana tsakanin digiri 25 da 30 a ma'aunin Salsiyas. A watan Disamba da Janairu, in sanyi ya sauka a ƙasar Katsina, sukan rage ci da kansu. Wannan ba ciwo ba ne, abinci za a rage musu.

Mataki na uku: a duba kifin da ransa. Alamun tsutsar ciki su ne: kai babba jiki siriri, baya ya yi kaifi kamar wuƙa, ciki ya lotsa, ko kuwa ya kumbura alhali sauran jiki a rame, ana ci amma ba girma, farin kashi mai ja kamar zare, wani lokaci a ga jan zare ya leƙo ta dubura. A ɗaga marfin kunne a duba jan naman nan da kifi ke numfashi da shi. Na mai lafiya ja ne wur, na wanda aka shanye wa jini ya kan koɗe. Amma in kifi yana goga jikinsa a bango, wannan ƙwarin fata ne. In kuwa yana da gyambo, ko gemunsa ya ci, ko gindin fiffikensa ya yi ja, an fi zaton cutar ƙwayoyin bakteriya ce. Waɗannan biyu kowace maganinta dabam.

Mataki na huɗu: a fede a gani. A kama uku zuwa biyar daga cikin marasa lafiya waɗanda ba su riga sun mutu ba, a haɗa da guda ɗaya mai lafiya domin gwadawa. A kashe su nan take. A tsaga ciki da reza daga dubura zuwa ƙirji, a hankali, kada a huda hanji. A fara duba kogon ciki, da kitse, da hanta. Sa'an nan a ciro tumbi da hanji, a sa a farin faranti mai ɗan ruwa mai tsabta da ɗan gishiri kaɗan, a tsaga su a tsaye. A jira kaɗan a wuri mai haske. Tsutsa za ta fito tana motsi. A ƙirga, a rubuta launinta, da tsawonta, da inda aka same ta. In an sami ɗaya ko biyu, har a mai lafiyar ma akwai kamar haka, to a nemi dalilin ciwon a wani wuri. In kuwa hanjin marasa lafiyar cike yake, ko ya yi ja ya kumbura, an kama ɓarawo.

Ƙwayar mai bulala da ƙwan tsutsa ba a ganinsu sai da madubin likita. Saboda haka in an fede ba a ga komai ba, ruwa kuma lafiya lau, kifi bai daina ramewa ba, sai a aika wa Malamin Dabbobi ko Malamin Kifi na Ƙaramar Hukuma. A aika da kifi mai rai a bokiti, da ruwan kwamin a kwalba dabam. In ba hali, a sa wanda aka kashe yanzu a leda cikin ƙanƙara, kada a daskarar da shi, a kai a ranar. Mushen da ya kwana yana yawo a kan ruwa ba ya gaya wa likita komai. In abin ya fi ƙarfin Malamin, akwai sashen koyar da kiwon kifi a Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, wadda aka kafa a 2011. Akwai tsangayar likitancin dabbobi a Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya. Akwai Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi a Vom, wadda take can tun 1924. Akwai kuma Cibiyar Binciken Kifin Ruwan Daɗi a Sabuwar Bussa, bakin tafkin Kainji.

5. MAGANI

Likitan dabbobi ne ke zaɓen magani, shi ke faɗin awo. Ana kawo sunayen nan ne domin Hakimi da Malami su gane abin da aka rubuta, su kuma san in ana yaudarar talakawa.

Jar tsutsa da siririyar tsutsa mai kama da gashi: lebamisol ko fenbendazol, waɗanda makiyaya suka sani a maganin tumaki da awaki. Akan maimaita bayan mako biyu ko uku.

Tsila: firazikwantel, shi ne wanda ake raba wa 'yan makaranta domin tsargiya.

Ƙwayar mai bulala: masu diskas sukan yi amfani da metronidazol, wanda aka fi sani da Flagyl. Amma fa diskas ba a cinsa. Ƙasashen Tarayyar Turai da Amurka sun hana ba da wannan magani ga duk dabbar da mutum zai ci. Don haka kada a zuba shi a kwamin tarwaɗa ko na karfasa. A nan gyaran ruwa da rage cunkoso su ne magani.

Farar tsutsa ta kogon ciki da rawayar tsutsa ta tsoka: ba su da maganin da zai biya kuɗinsa, gama suna kulle cikin jaka inda magani ba ya kai musu sosai. Wanda ya ce yana sayar da maganinsu, kuɗi kawai yake nema. Hanyarsu ake tarewa, kamar yadda za a bayyana a gaba.

Gishiri yana da amfani ga ƙwarin fata, amma ba ya kai wa tsutsar hanji. Kafso na mutane kuwa, irin na ciwon ciki da gyambo, ba ya kashe tsutsa ko kaɗan.

Ana ba da magani ta hanya biyu. In kifi yana ci, a gauraya shi da abinci, a ɗan sa mai domin ya kama, bayan an hana su ci kwana ɗaya. Wannan ya fi, domin maganin yana isa hanji kai tsaye. In kifi ya daina ci, sai a narkar da magani a ruwa, bayan awa ashirin da huɗu ko yadda likita ya ce a sake ruwan a share ƙasan kwami. Kullum a fara gwadawa da kifi kaɗan a baho kafin a yi wa duka. Ruwan da aka yi magani da shi a zubar a rami, nesa da rijiya da mashayar dabbobi. Ba a zuba magani a madatsa ko tafkin gari, inda mutane da shanu ke sha, ko da wane dalili.

6. LISSAFI BIYU DA YA KAMATA MALAMI YA IYA

Na farko, yawan ruwa. A auna tsawon kwami, da faɗinsa, da zurfin ruwan da ke ciki, duk da mita, a riɓanya su, sa'an nan a riɓanya da 1,000. Abin da ya fito shi ne lita. Misali, kwami mai tsawon mita 3, faɗi mita 2, ruwa mita 1: 3 sau 2 sau 1 ya zama 6, watau lita 6,000. In likita ya rubuta miligiram 2 ga kowace lita, 6,000 sau 2 ya zama miligiram 12,000, watau giram 12. In ruwan rabin mita ne kawai, giram 6 ke nan. Wanda ya auna tsayin bango maimakon zurfin ruwa ya ninka wa kifinsa magani. A kuma tambayi likita ƙarfin garin da aka sayo, gama wani garin kashi ɗaya cikin goma ne kawai magani, saura gauraye ne.

Na biyu, kwanakin jira kafin a sayar. Magani ya kan daɗe a tsokar kifi, kuma ya fi daɗewa in ruwa da sanyi. Ƙa'idar da likitocin Tarayyar Turai suka riƙa bi har zuwa 2022, in an ba kifi maganin da ba domin kifi aka yi shi ba, ita ce a raba 500 da zafin ruwa. In zafin ruwa digiri 25 ne, kwana 20 ke nan. In digiri 20 ne, kamar da hunturu, kwana 25. Ana fara ƙirga daga ranar da aka ba da magani na ƙarshe. Malami ya rubuta ranar a littafi, domin kada a kai kifin kasuwar Runka ko ta Batsari kafin lokaci ya cika.

7. RIGAKAFI

Tun da an san hanyoyin da tsutsa ke bi, ga inda ake tare ta:

(1) Bayan kowane girbi a zubar da ruwan kududdufi duka, a bar rana ta gasa ƙasan har ya tsattsage. Ranar Maris da Afrilu ta ƙasar nan tana rage ƙwai, da ƙwaro, da dodon koɗi, ba a biya ko kwabo ba. Inda laka ta ƙi bushewa, a barbaɗa ƙonanniyar farar ƙasa gwargwadon yadda Malamin Kifi ya auna. Kwamin siminti kuwa a wanke shi da buroshi a shanya.

(2) A nome ciyawar bakin ruwa, gama nan dodon koɗi ke ɓuya.

(3) A shimfiɗa tsohon taru ko a ja igiyoyi a saman ruwa domin hana zalɓe sauka.

(4) Ruwan da aka ɗebo daga madatsa ko fadama a tace shi da ƙyalle mai ƙaramin ido, kamar yadda aka koya wa mata a zamanin yaƙi da kurkunu. Ruwan rijiya da na burtsatse ba su da wannan ƙwaro.

(5) Kada a ciyar da tarwaɗa da ɗanyen ƙananan kifi na madatsa, ko kayan cikin kifi, sai an dafa.

(6) Sabon iri a ajiye shi dabam mako uku ko huɗu kafin a haɗa da na gida. Masu diskas ba sa wasa da wannan ƙa'ida. A sayi iri daga wurin ƙyanƙyasa da aka sani, a guji kwaso 'ya'yan kifi daga tafki.

(7) Kowane kwami da komarsa da bokitinsa. In an ara, a shanya a rana kafin a mayar.

(8) Mushen kifi a binne shi ko a ƙone. Kada a jefa wa sauran kifi, kada a jefa a madatsa.

8. LAFIYAR MASU CI

Talakawa za su tambaya ko kifi mai tsutsa yana ciwuwa. Amsa ita ce, in an cire kayan ciki aka wanke, aka dafa ko aka soya ko aka yi banda har wuta ta ratsa tsoka, tsutsar ta mutu. Haɗarin yana ga ɗanyen kifi. A ƙasar Japan da Koriya, inda ake cinsa ɗanye, an sami mutanen da rawayar tsutsa ta maƙale musu a maƙogwaro. A gargaɗi yara masu babbaka kifi sama-sama a bakin tafki. Kifin da ya rame ƙwarai, ko tsutsa ta cika tsokarsa, a binne shi, kada a yi banda da shi a ɓoye wa mai saye.

Abin da ya fi tsutsa haɗari shi ne kifin da aka kama da guba. An daɗe ana kuka da masu zuba Gammalin 20 a ruwa domin su kwashi kifi. Sinadarin da ke cikinsa, lindan, yana cikin waɗanda ƙasashen duniya suka amince a daina a 2009, ƙarƙashin Yarjejeniyar Sitokhom. Duk wanda aka samu yana zuba maganin ƙwari a ruwan jama'a, a kai rahotonsa ga hukuma ba tare da jinkiri ba.

9. AIKIN HAKIMI DA MALAMINSA

Ba a neman Hakimi ya zama likita. Abin da ake roƙonsa shi ne ya tara Dagatai, da Sarkin Ruwa, da masu kwami, sau biyu a shekara, kafin damina da kuma farkon hunturu, a karanta musu wannan takarda. Ya hana masu tallar magani a kasuwa ruɗin mutane da ƙullin gari marar suna da lambar NAFDAC. In an kawo ƙarar iri, kada a ɗora wa kowa laifi sai an bi matakan nan huɗu kuma Malamin Kifi ya faɗi abin da ya gani.

Malamin Hakimi kuwa ya buɗe littafi, kowane kwami da shafinsa: sunan ƙauye, irin kifi da yawansa, inda aka sayo iri da ranar, inda ake ɗebo ruwa, yawan wanda ya mutu kowane mako, abin da aka gani da aka fede, maganin da aka ba da wanda ya rubuta shi, da ranar da jira zai cika. In ya ga kwami uku ko huɗu da suka sayi iri wuri ɗaya, ko suke shan ruwa ɗaya, sun kamu a lokaci guda, ya sanar da Hakimi a rubuta wa Sashen Aikin Gona na Ƙaramar Hukuma nan da nan. Mai kwami nasa kaɗai yake gani. Mai littafi ne ke ganin ƙasa duka.

TAMBAYOYI DOMIN BITA

1. Kifi ɗari sun mutu a dare ɗaya. Mene ne za ka fara zato, kuma me za ka ce a yi?
2. Faɗi hanyar da rawayar tsutsa ke bi daga zalɓe har ta koma zalɓe. A ina za a iya tare ta?
3. Don me maganin da ake ba diskas bai dace da tarwaɗa ba?
4. Kwami mai tsawon mita 4, faɗi mita 2, ruwa rabin mita. Lita nawa ne a ciki?
5. An gama magani ran 1 ga wata, zafin ruwa digiri 25. Ran nawa ga wata za a iya sayarwa?

Allah Ya ja zamanin Hakimai, Ya ba Malamai basira, Ya ba ƙasa lafiya da albarka. Amin.